Yadda Ake Shirya Ajin Koyon Aikin Yumɓu a Sakkwato, Har Zuwa Ranar Baje Koli

Ajin farko da na buɗe, a wani kango da ke bayan gidanmu, da ɗalibai tara na fara. Mun shafe mako biyar muna gini, ranar toyi kuma kashi biyu cikin uku na kayan suka tarwatse a cikin wuta. Laifin nawa ne. Na sa ranar baje koli tun kafin in tambayi yumɓun ko ya bushe, da ranar ta matso sai na tura ɗanyen kaya wuta. Tun daga nan nake gaya wa duk mai son buɗe irin wannan aji cewa yumɓu shi ke yanke lokaci. Bayanin da ke ƙasa na wanda ya ɗan iya aikin da hannunsa ne, yake kuma son tara matasa ya koya musu har jama'a su zo su ga abin da suka yi.

Kayan da za ka tanada

Yumɓu shi ne na farko, kamar buhu biyu ga ɗalibai goma. Sai tsingaro, wato fasassun tukwane da tuluna, da turmin da za a daka su. Ka nemi baho biyu ko uku, bokiti, rariya ko tsohon gidan sauro na tacewa, buhunan algarara, da ledoji manya masu yawa. Leda ba ta taɓa isa, ka ninka abin da ka yi zato.

Kowane ɗalibi yana buƙatar allon katako wanda zai ɗora aikinsa a kai ya ɗaga ba tare da ya taɓa shi ba. Kafinta zai yanka maka daga ragowar katako. Kayan hannu kuwa yawanci suna cikin gida: cokali, ƙaramar wuƙa mara kaifi, tsinke, tsohon buroshin haƙori, soso, kwalba ko guntun bututun roba na murza yumɓu ya zama falle, dutse mai santsi na gogewa, da tsofaffin jaridu. Na yankan yumɓu, wayar birkin keke da aka ɗaura wa ƙaramin itace a kowane ɓangare ta wadatar. In kana son ƙarfen ƙwaƙule ciki mai baki kamar zobe, ka zana shi a takarda ka kai wa maƙera a Maƙera Assada su ƙera maka.

Na toyi: kara, ƙirare, busasshen kashin shanu, ƙaiƙayi ko dusar katako, da tsofaffin langa-langa. Na baje koli zan ambata idan mun isa can.

1. Ka fara da mutane kafin ka taɓa yumɓu

A Sakkwato, da ka ce za ka koya wa yara siffanta abubuwa da yumɓu, abin da zai faɗo wa iyaye a rai shi ne mutum-mutumi. Damuwarsu tana da tushe, domin hadisan da suka yi hani ga surar abu mai rai sanannu ne a garin Shehu. Kada ka jira a tambaye ka. Ka je wurin mai unguwa da limamin masallacin shiyarku, ka ɗauki samfuri biyu ko uku a hannu, ka nuna musu abin da za a yi. Ni a ajina ba ma siffanta mutum ko dabba, kuma ban taɓa jin an rasa abin ginawa ba: ƙofar gari, zaure da soro, rumbu, kwale-kwale, tulu da buta, kurtun tawada, dagi, da irin adon da magina ke fitarwa a fuskar gidajen ƙasa. Ƙofofin garin nan kaɗai, su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, sun ishi aji guda aiki.

In 'yan mata za su shiga, ka ware musu rana, ka kuma nemi mace ta zauna tare da su, in da hali maginiyar tukwane. Za ka ƙaru da ita fiye da yadda kake zato.

Kada ɗalibai su wuce goma sha biyu ga malami ɗaya. Mako takwas, sau biyu a mako, awa biyu kowane zama, shi na ga ya fi dacewa. Lokaci kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, da hantsi ko bayan la'asar. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, yumɓu na bushewa a hannun yaro tun bai gama tunanin abin da zai yi ba. Da damina kaya ba sa bushewa da wuri, makamashi ma a jiƙe. Ka duba kalanda kada makon toyi ya faɗa cikin azumi ko jarrabawar makaranta.

2. Nemo yumɓu da gwada shi

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi masu ginin tukwane inda suke ɗiba, ko ka saya a hannunsu. Sun riga ka sanin ramin da ke da kyau. In da kanka za ka haƙa, fadamun bakin gulbin Rima suna da shi, amma ka nemi izinin mai gona, ka kuma kwashe ƙasar sama mai saiwoyi ka ɗebi ta ƙasa.

Kafin ka cika buhu, yi gwaji biyu. Jiƙa ɗan kaɗan, mulmula shi ya yi kaurin ɗan yatsa, naɗe shi a yatsanka. In ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa, bar shi. In ya naɗu lafiya yana sheƙi yana manne wa hannu, yana da danƙo, zai so tsingaro. Gwaji na biyu: yi ɗan falle, ja layi mai tsawon santimita 10 a kai, ajiye a inuwa ya bushe, sake aunawa. Yawanci za ka tarar ya dawo wajen santimita 9. In ya gaza haka sosai ko ya lanƙwashe, ƙara masa tsingaro. Ka sa ɗalibai su yi wannan awon da kansu, domin wanda ya ga layinsa ya ragu da idonsa ba ya sake musu idan an ce masa yumɓu yana tsukewa.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Yankin nan yana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Ƙananan tsakuwoyinsa farare sukan shiga cikin yumɓu. In suka ci wuta sosai, bayan kwanaki sai su sha danshin iska su kumbura, ka ga fuskar aikin tana ɓantarewa, da ɗan farin ɗigo a tsakiyar kowane rami. Maganinsa tacewa.

3. Gyaran yumɓu

Shanya shi ya bushe ƙarau, farfasa shi ƙanana, zuba a baho, rufe da ruwa, bar shi kwana biyu ko uku. Busasshe ya fi saurin narkewa a kan mai ɗan danshi. Dama shi ya zama kamar kunu, tace da rariya zuwa wani bahon, bari ya kwanta, tsiyaye ruwan sama. Shimfiɗa buhun algarara a ƙasa a inuwa, juye a kai har ya yi ƙarfin da za a iya cuɗawa.

Daka tsingaro, tankaɗe, ɗauki mai laushi kamar tsakin gero. Kwano ɗaya na tsingaro ga kwano uku ko huɗu na yumɓu. In babu tsingaro, yashi mai laushi da aka wanke zai yi, sai dai bai kai shi ba. Amfaninsa shi ne ya buɗe wa ruwa hanyar fita, ya kuma rage tsukewa. Ku tattake da ƙafa a kan buhu, sannan ku cuɗa da hannu kamar ana kwaɓin fulawa. Yanka curin da waya ka duba: in ka ga ƙananan ramuka, iska ce, a ci gaba da cuɗawa. Ƙulle a leda ya kwana bakwai. Wannan aikin duka ka gama shi kafin ranar buɗe aji, amma ka rage ɗan kaɗan wanda ɗalibai za su gyara da kansu a zaman farko.

4. Tsarin darussa

Mako na farko, curi da yatsa. Kowa ya ɗauki curi kamar lemo, ya huda da babban yatsa, ya riƙa matsawa yana juyawa har ya zama ɗan kasko. Abin da ake nema shi ne hannu ya koyi jin kauri. Ni nakan sa su rufe ido su yi na biyu. Daga nan sai ka yanka kaskon kowa biyu da waya a gabansa, ya ga inda ya yi kauri da inda ya yi siriri. Za su ji zafin yankan, amma darasin yana zama.

Mako na biyu, gini da igiya: a mulmula yumɓu dogo, a naɗa shi hawa-hawa, a shafe ciki da waje. Mako na uku, falle: a sa sanduna biyu masu kauri ɗaya a gefe, a murza da kwalba, a yanka bango da rufi. A nan za ka koya musu haɗi, wanda shi ne inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. Duk inda guda biyu za su haɗu, a kakkarce fuskokin biyu da tsinke, a shafa kunun yumɓu, a danna, sannan a bi bakin haɗin da siririyar igiya a shafe. Wanda ya manna zanko a kan soronsa da ruwa kawai, zai same shi a ƙasa bayan kwana uku. Kuma kada a haɗa ɗanye da wanda ya fara bushewa, domin ba za su tsuke tare ba.

Mako na huɗu, ado mai tudu a kan falle, irin na fuskar zaure. A wannan makon nakan fita da su yawo cikin tsohon gari, kowa da takarda da fensir, su kalli sauran gidajen ƙasa da ke tsaye. In an samu dama a leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. A hanya nakan ba su labarin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20: a ƙauye ta koyi ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, aikinta ya kai har Ingila da Amurka. Yaro ya ciro naira 20 daga aljihunsa ya ga mace tana gina tukunya, kallon da yake yi wa yumɓun da ke hannunsa yana canjawa.

Mako na biyar da na shida, kowa ya yi babban aikinsa na baje koli. Ya zana shi tukuna, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya da rabi. Dokoki huɗu ne a nan, kuma ba na sassauci a kansu. Kauri kada ya wuce santimita 2 a ko'ina. Duk abin da aka gina a dunƙule, idan ya yi taurin sabulu, a raba shi biyu da waya, a ƙwaƙule cikin, a mayar a haɗe. Duk wurin da ya zama rufaffe, a huda masa ƙaramar ƙofa a ƙasa inda ido ba ya gani. Kada kuma a sa ƙarfe ko sanda a ciki don ya tsaya: yumɓu zai tsuke, ƙarfen ba zai tsuke ba, sai ya tsage. In ana son madogara, a cusa dunƙulalliyar jarida, wuta za ta cinye ta.

Mai son sheƙi ya goge aikinsa da dutse mai santsi ko bayan cokali lokacin da yake taurin sabulu. Mai son ja ya shafa kunun jar ƙasa kafin gugar.

Ƙarshen kowane zama a yayyafa ruwa kafin shara. Ƙurar busasshen yumɓu tana illa ga huhu in aka daɗe ana shaƙa, kuma yara ne a hannunka.

5. Bushewa

Nan ne na fi son ka tsaya. Iskar hunturu tana busar da fatar aiki cikin awa kaɗan alhali cikinsa jiƙe yake, sai waje ya tsuke ciki bai tsuke ba, tsaga ta fito. Don haka kwana uku ko huɗu na farko a rufe kowane aiki ruf da leda, a cikin ɗaki, nesa da taga. Bayan nan a ɗan buɗe gindin ledar. Bayan wasu kwanaki a cire ta a rufa tsumma. Sassan da suka yi siriri, kamar zanko, hannun buta ko bakin tulu, a naɗe su da guntun leda su jira sauran jikin. Falle kuma a riƙa juya shi, ko a danne shi tsakanin alluna biyu, in ba haka ba zai bankare. Ka ba kaya mako biyu cur. Masu kauri, uku.

Wata dattijuwa maginiya da nake sayen tsingaro a wurinta ita ta koya mini yadda ake ganewa. Na kai mata wani rumbu da na gina, na ce Inna, gobe zan toya. Ta karɓa, ta kara gindinsa a kumatunta, ta yi shiru kaɗan, ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗana, wanga da sauran ruwa cikinai. Taɓa ka jiya." Na kara a nawa kumatun, sai na ji sanyi kamar na randa. Busasshen yumɓu ba ya da wannan sanyin. Yanzu kowane ɗalibina sai ya yi wannan gwajin a gabana kafin aikinsa ya shiga layin toyi, kuma wanda bai bushe ba, ko na wane ne, yana jiran zagaye na gaba. Guda ɗaya mai ruwa in ya fashe yakan tafi da na kusa da shi.

6. Toyi

In akwai masu tukwane kusa, ka roƙe su su sa kayanku cikin toyinsu, ka biya. Shi ne mafi aminci ga mai farawa. In da kanka za ka yi, ka zaɓi fili nesa da danni da rumbuna, ranar da iska ta kwanta, ka ajiye ruwa da yashi a kusa.

Shanya kayan a rana tun safe. Da yamma ka hura ƙaramar wuta, ka jera su kewaye da ita, kana juyawa kana matso da su sannu a hankali, awa biyu ko fiye, har su yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Dalili kuwa, ruwan da ya rage a ciki yana zama tururi a digiri 100, in bai samu lokacin fita ba sai ya fasa. Daga nan shimfiɗa ƙirare da kashin shanu, jera manya a tsakiya, ƙanana a kai da gefe, kare su da manyan tsingaro, lulluɓe da kashin shanu da kara. Kunna daga gefe. Riƙa ƙara kara har ka hango kayan sun yi ja a cikin wutar. Irin wannan toyin yakan kai digiri 600 zuwa 900, ya isa ya mayar da yumɓu abin da ruwa ba ya narkarwa. In kana son baƙi, rufe wasu da ƙaiƙayi ko dusar katako suna da zafi, hayaƙin zai shige su. Rufe tulin da langa-langa ka tafi. Kada ka bari ɗoki ya sa yara su tone da dare, iska mai sanyi tana tsaga kaya masu zafi. Da safe a fitar, a ƙwanƙwasa kowanne da yatsa: mai ƙara kamar ƙarfe ya toyu.

In toyi ya gagara gaba ɗaya, ana iya baje busassun kaya haka nan, a dai rubuta cewa ɗanyu ne kada a taɓa. Wasu kuma sukan koma ga takarda da aka jiƙa aka kwaɓa da sitaci, ko garin filasta irin na silin. In ka yi aiki da filasta, ka raba mata baho da wuri, domin ɓarɓashinta in ya shiga yumɓu yana ɓata shi a wuta.

7. Baje koli

Sai kaya sun fito daga wuta za ka sa rana, ka ba kanka kwana goma. Wuri kuwa, ajin makaranta ranar Asabar, ɗakin taro na unguwa, ko babban zaure mai haske. Ka je ka gan shi a daidai lokacin da za a yi taron, ka ga ta inda rana ke shigowa. Ado mai tudu yana son haske daga gefe, shi ke fito da inuwarsa. In haske ya doke shi ta gaba sai ya baje.

Ɗauko kaya a baho, kowanne a naɗe da jarida, a cike tsakaninsu da ƙaiƙayi, ɗalibi ya rungume bahon a cinya a cikin Keke Napep. Tebura a rufe su da yadi mai launi ɗaya, fari ko baƙi ko shuɗi. Atamfa mai fure tana cinye aikin. Sa kwalaye ko bulo a ƙarƙashin yadin don wasu kaya su ɗaga, a bar aƙalla kamu biyu tsakanin aiki da aiki. Kuskuren da na fi gani shi ne cika tebur kamar na mai koli. Kowane ɗalibi ya zaɓi biyu mafi kyau, sauran su zauna a gida. Abin da aka gina don a zagaya shi, kamar ƙofar gari, a sa shi tsakiyar ɗaki.

Kowane aiki da katinsa: sunan aikin, sunan mai shi, abin da aka yi shi da shi, da shekara. Ni nakan rubuta da boko da ajami, kuma na lura dattawa sun fi daɗewa a gaban katin da suka iya karantawa da kansu. A bakin ƙofa ka ware tebur guda na matakai: ɗanyen yumɓu, tacacce, tsingaro, kayan aiki, da guda ɗaya da ya fashe a wuta. Ka ajiye curi a nan wanda baƙi za su taɓa, sai hannunsu ya bar sauran.

Kowane ɗalibi ya tsaya kusa da aikinsa. Kwana biyu kafin ranar ku yi gwaji, kowa ya faɗi cikin jimla uku abin da ya gina, yadda ya gina shi, da abin da ya ba shi wuya. Na taɓa ganin yaron da ko sallama da ƙyar yake ɗaga murya ya tsaya yana yi wa kawunsa bayanin dalilin hudar da ke ƙarƙashin rumbunsa, kawun yana sunkuye yana leƙawa.

Gayyata ta fara da iyaye, mai unguwa, liman, malaman makarantu, da maginan da suka taimaka, a kuma ambaci sunansu a gaban jama'a. Sanarwa a WhatsApp da Facebook ta biyo baya. Maganar sayarwa ku gama ta tun kafin ranar: wane aiki ne na sayarwa, nawa, kuma nawa ne rabon mai shi, nawa za a mayar a sayi kayan aji na gaba. A rubuta, iyaye su sani. Wanda aka saya a ɗiga masa alama a kati, mai saye ya karɓa bayan an tashi. Ka ɗauki hoton kowane aiki da safe kafin mutane su shigo, a gaban yadi, ba tare da walƙiyar waya ba. Ka kuma ajiye littafi da biro a bakin ƙofa don masu son shiga aji na gaba su rubuta suna, domin daga cikinsa za ka san buhu nawa na yumɓu za ka jiƙa.